Tarihin Haƙƙin Kare Bayanan Sirri a Nijar

Haƙƙin kare bayanan sirri shi ne ikon mutum a kan abin da ake tattarawa game da shi: suna, hoto, zanen yatsa, lambar waya da saƙonninsa. A Jamhuriyar Nijar, tushensa na doka ya kasance a cikin kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010, inda sashe na 27 ya hana keta alfarmar gida, na 29 kuma ya kare sirrin wasiƙu da sadarwa. Kafin a rubuta haka, Bahaushe ya san darajar rufin asiri, ya san ba a shiga gidan mutum sai da sallama.

Sai dai tattara bayanai ya riga dokarsa isowa karkara. A gari irin Maijirgi, da ke jihar Maraɗi kan hanyar Tasawa zuwa Damagaram, da can mai wasiƙa yakan kai ta wurin malamin da ya amince da shi ya karanta masa, magana ta tsaya tsakanin mutum biyu. Da salula ta zo, hukuma ta wajabta rajistar layi da takardar shaida, kuma a 2013 aka toshe layukan da ba a yi wa rajista ba. Gabanin zaɓen 27 ga Disamba 2020, hukumar zaɓe ta CENI ta bi garuruwa tana ɗaukar hoto da zanen yatsun masu jefa ƙuri'a. Manomi ya ɗora yatsa a kan na'ura, ya karɓi katinsa, ba tare da ya san inda za a ajiye zanen ba, ko wa zai iya dubawa.

Ƙungiyar ECOWAS ta fitar da ƙa'idar kare bayanai tun Fabrairun 2010, amma Nijar ba ta samu tata dokar ba sai 3 ga Mayu 2017. Dokar ce ta kafa hukumar kare bayanan sirri ta HAPDP, wadda ta fara aiki a 2020. An sabunta dokar a Disamban 2022. A shekarar 2020 ɗin kuma majalisa ta amince da dokar da ta ba gwamnati damar sauraren sadarwar mutane da sunan tsaro, ƴan adawa da ƙungiyoyin farar hula suka ce ta saɓa wa sashe na 29. Damuwarsu na da tushe, domin dokar ta sa izinin sauraren a hannun shugaban ƙasa, ba alƙali ba.

An dakatar da kundin 2010 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙasar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Mazaunin hukumar HAPDP yana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 700 daga Maijirgi.