Maimaita Aiken Ƙunshin Bayani a Kafaffun Hanyoyin Rediyo: Nazari a kan Yankin Buji

Tsakure

Wannan maƙala tana bin diddigin illolin da ke sa na'ura ta sake aika ƙunshin bayani a tsakanin eriya biyu kafaffu, tana kuwa kafa hujja cewa adadin maimaicin alama ce wadda ba ta da fa'ida sai an karanta ta tare da lokaci da yanayin shekara.

Gabatarwa

Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, sa'ad da aka kafa kamfanin sadarwa na Galaxy ITT a Dutse, Jihar Jigawa ta san amfanin kai intanet ta iska. Kuma a ƙaramar hukuma irin Buji, mai hedikwata a Gantsa, inda garuruwa suke warwatse cikin gonaki, eriya biyu masu kallon juna sun fi binne waya sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Asalin mas'alar

Bisa ƙa'idar sadarwa ta iska mai suna 802.11, wadda aka fara fitarwa a 1997, duk ƙunshin da aka aika sai mai karɓa ya mayar da shaidar isarsa, idan kuwa shaidar ba ta zo cikin wa'adinta ba, sai a sake aikawa, galibi har sau 7, sa'an nan a yar da shi. Abin lura shi ne, igiyar rediyo tana cin kimanin mikrosakan 3.3 a kowace kilomita, watau a tazarar kilomita 10 zuwa da dawowa za su ci kusan 67, alhali an tsara wa'adin ne tun asali domin tazara gajera. Saboda haka idan aka ga sigina da ƙarfi amma maimaici bai sauka ba dare da rana, to lalle a fara tuhumar saitin tazara kafin a tuhumi sararin sama.

Illa ta biyu ta fi ɓoyuwa, domin ganin ƙarfen sabis da ido bai wadatar ba. Igiyar tana bukatar fili kewaye da layin gani, wanda masana suke kira yankin Fresnel. A kan gigahaz 5.8 da tazarar kilomita 10, faɗinsa daga layin a tsakiyar hanya ya kai mita 11, kuma sharaɗi ne kashi 60 cikin ɗari, wajen mita 7, su zama babu shamaki. A nan ne sanin itatuwan ƙasa yake da muhimmanci ƙwarai: kuka tana cika da ganye da damina, gawo kuwa da damina yake zubar da nasa ya mayar da shi da rani, don haka hanyar da ta ratsa ta kan gawo tana iya lalacewa a watan Janairu, a ɗora wa ƙurar hunturu laifin da ba nata ba. Haka ma ruwan sama, tasirinsa bai taka kara ya karya ba sai zangon ya haura gigahaz 10. Abin da hadari yake yi a zahiri shi ne ya karkatar da eriya da iskarsa.

Idan kuwa maimaicin yana hauhawa da maraice kaɗai, alama ce ta cunkoso ko katsalandan daga wata na'ura, kuma maganinsa sauya tasha, ko rage faɗinta daga megahaz 40 zuwa 20, wanda ke rage hayaniya da desibel 3.

Hukunci

Hatsarin sakaci shi ne, tun gyaran da masani Van Jacobson ya kawo a 1988, ƙa'idar TCP ta intanet tana ɗaukar ɓatan ƙunshi a matsayin cunkoso, sai ta rage gudu, ɗalibi a Gantsa ya zauna yana jiran shafi ya buɗe. A ra'ayinmu, ƙara ƙarfin na'ura, wanda masu gyara suke gaggawar yi, shi ne mafi raunin magani, domin yana ƙara damun maƙwabta kuma ba ya kawar da reshe. Muna kira ga masu kula da waɗannan hanyoyi su riƙa rubuta adadin maimaici da ƙarfin sigina sa'a bayan sa'a, damina da rani, kafin su taɓa kowane saiti.