Kwamitocin Daidaita Sunayen Sassan Jiki: Daga 1889 Zuwa Yau

Kwamitocin daidaita sunayen sassan jiki rukunoni ne na malaman anatomi, wato ilimin ƙirar jiki, waɗanda ƙungiyoyin malaman ke naɗawa domin su tsayar da suna guda ga kowane ƙashi da tsoka da jijiya da gaɓa. Babban taron ƙungiya ba ya wuce 'yan kwanaki, don haka duk aikin da zai ci shekaru kwamiti ake danƙa wa, sannan ya dawo gaban taro a amince ko a ƙi. A kan wannan tsari aka gina harshen da likitocin duniya ke fahimtar juna da shi a yau.

Kafin zuwan kwamiti

Tun ƙarni na 16, lokacin da fiɗar gawa domin koyarwa ta bunƙasa a jami'o'in Italiya, kowane malami yakan raɗa wa abin da ya gano sunan da ya ga dama, almajiransa kuma su ɗauka su yaɗa. Kafin ƙarshen ƙarni na 19, sunayen da ke yawo a littattafai sun kai dubun-dubata, alhali sassan da ake nufi ba su wuce 'yan dubbai ba. Akwai wata 'yar ƙofa a mahaɗar ƙaramin hanji da babba. Wasu na kiran ta da sunan Bauhin, wasu da sunan Tulp, wasu kuma da sunan Varolio, kowa da gwanin da yake son karramawa. Ɗalibin da ya sauya jami'a sai ya sake haddar abin da ya riga ya sani, likitan da ya karanta rahoton takwaransa na wata ƙasa kuwa yana iya ɗaukar abu guda a matsayin abubuwa uku.

Kwamitin farko da jerin Basel

Ƙungiyar masana anatomi ta ƙasashen da ke magana da Jamusanci, wadda aka kafa a 1886, ita ce ta fara tunkarar matsalar. A 1889 ta naɗa kwamiti ƙarƙashin shugabancin Albert von Kölliker. Wilhelm His na Jami'ar Leipzig shi ne ƙashin bayan tafiyar, Wilhelm Krause kuma shi ya ɗauki nauyin tattarawa da tsara sunayen.

Aikin na haƙuri ne. Akan tsamo sunayen sashe guda daga manyan littattafai, a jera su, a aika wa 'yan kwamiti su zaɓa a rubuce, abin da aka kasa daidaitawa a kai kuma a zauna a tattauna shi baki da baki. Ƙa'idojin da suka bi kaɗan ne, amma har yau ba su tsufa ba: kowane sashe sunansa ɗaya, sunan ya kasance da Latin, ya zama gajere mai sauƙin riƙewa, sifofi kuma su zo biyu-biyu, idan akwai babba a sami ƙarami, idan akwai na sama a sami na ƙasa. Bayan shekara shida, taron ƙungiyar da aka yi a birnin Basel na Suwizalan a 1895 ya amince da jerin da aka sani da Basle Nomina Anatomica, mai sunaye kimanin 5,000. Jerin ya sami karɓuwa a Jamus da Italiya da Amurka, inda Lewellys Barker ya gabatar da shi a wani littafi a 1907.

Rabuwar kai

Ba kowa ya bi Basel ba. Faransawa sun ci gaba da sunayensu na gida. Ƙungiyar masana anatomi ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1887, ta naɗa nata kwamitin, ya fito da gyaran Birmingham a 1933. Jamusawan kansu suka sake zama, suka amince da jerin Jena a 1935. Wannan jeri ya taɓo tushe, domin ya daina kallon mutum a tsaye, ya kwatanta shi da dabba mai tafiya da ƙafa huɗu, don suna guda ya dace da mutum da dabba. Manyan jijiyoyi biyu masu mayar da jini zuciya, waɗanda aka saba kira ta sama da ta ƙasa, sai suka koma ta wajen kai da ta wajen wutsiya. Masu nazarin dabbobi sun ga amfanin haka, likitocin mutane da yawa kuwa ba su karɓa ba. Aka wayi gari da jeri uku, kowanne da ƙungiyar da ke mara masa baya.

Jerin Faris

Tarayyar ƙungiyoyin masana anatomi ta duniya, IFAA, wadda ta yi babban taronta na farko a Jeneba a 1905, ita ce ta ɗinke ɓarakar. Taron Oxford na 1950 ya kafa kwamitin ƙasa da ƙasa, aka umarce shi ya koma kan jerin Basel ya gyara. A taron Faris na 1955 aka amince da sakamakon. Mutum ya koma tsaye, fuska da tafin hannu suna duban gaba, kuma daga wannan tsayuwa ake auna sama da ƙasa, gaba da baya. An kuma cire sunayen mutane. Bututun da ke kai ƙwai mahaifa, wanda ake jingina wa Falloppio, ya tsaya a tuba uterina. Wanda ya haɗa kunne da maƙogwaro, da ake jingina wa Eustachi, ya tsaya a tuba auditiva. Hujjar kwamitin ita ce sunan mutum ba ya gaya wa ɗalibi inda abu yake ko aikinsa, kuma sau da yawa ba wanda ya fara ganowa ake ambata ba.

Saɓani da sabon kwamiti

An yi ta sabunta jerin Faris, amma a shekarun 1980 dangantaka ta yi tsami tsakanin kwamitin da tarayyar da ta haife shi, kan wanda ke da ikon yanke magana ta ƙarshe. Bugu na shida ya fito a 1989 ba da amincewar tarayyar ba. A wannan shekara, a taron Rio de Janeiro na Birazil, tarayyar ta zaɓi sabon kwamiti wanda zai riƙa tuntuɓar ƙungiyoyin ƙasashe kafin ya yanke hukunci. Shi ne ya fitar da Terminologia Anatomica a 1998, mai sunaye kimanin 7,500, Latin a gefe guda, Turanci a ɗaya gefen. Daga baya aka fitar da jerin sunayen ƙananan ƙwayoyin jiki a 2008, da na halittar ɗan tayi a 2013, sannan bugu na biyu na babban jerin ya hau intanet a 2019.

Bayan sunaye

Salon ya bazu zuwa sauran ayyukan ƙungiyoyin. Kwamitin ilimi na ƙungiyar Birtaniya ya fitar da manhaja a 2007 mai fayyace abin da ya wajaba ɗalibin likita ya sani kafin ya kammala, aka sabunta ta a 2016. A 2012 tarayyar duniya ta fitar da shawarwari kan karɓar gawarwaki domin koyarwa, inda ta sa yardar mutum tun yana raye da mutunta gawarsa a gaba da komai.

Tasiri

Ɗalibin likitanci a Zariya ko Kano ko Sakkwato da waɗannan sunaye yake karatu. A ƙasashen da ke koyarwa da Faransanci, irin su Nijar, sauyin ya fi fitowa fili, domin tsofaffin sunaye kamar péroné da omoplate da rotule sun koma fibula da scapula da patella a sababbin littattafai, ko da yake tsofaffin ba su bar bakin likitoci ba. Haka sunayen mutane ma suna nan daram a asibitoci. Wannan ya nuna iyakar ƙarfin kwamiti: ba ya iya tilasta wa kowa, kuma jerinsa yana rayuwa ne kawai idan ƙungiyoyin da suka naɗa shi sun amince, malamai kuma suka ɗauke shi zuwa aji.