ƘARON MAJE DA JAWUL A TARIHIN ƘASAR KABI

Duk mai haɗa turare ya san cewa ƙamshin fure da na ganye ba su da zama. Da an shafa su, kafin wani lokaci kaɗan iska ta kwashe. Saboda haka tun zamanin da, masu wannan sana'a suke neman abin da zai riƙe ƙamshi ya daɗe a jikin tufa, kuma ba su sami abin da ya fi ƙaron itace ba. Dalili kuwa shi ne, ƙaro abu ne mai nauyi da danƙo, ba ya saurin bin iska, don haka idan an gauraya shi da mai mai ƙamshi sai ya danne shi, ya riƙa sakinsa kaɗan kaɗan. Tarihin irin wannan ƙaro a ƙasar Kabi ya nuna yadda ƙasa takan mallaki itace, amma suna da riba su tafi hannun wasu.

Itacen da ke ba da wannan ƙaro a ƙasar Hausa shi ne maje, wanda a wasu sassa ake ce masa kadaura. Dogon itace ne na dajin da ke samun wadatar ruwan sama, ya fi yawa a kudu, wajen Yawuri da Zuru har zuwa ƙasar Nufe. Yadda ake ɗibar ƙaronsa shi ne a sassaƙe rami a gindinsa, wani lokaci a ɗan kunna wuta a ciki don zafi ya jawo man ya tsattsafo. Mutane sukan turara tufafi da ɗaki da shi, sukan kuma sa shi cikin magani. Ban da maje akwai hano, wanda ɗan'uwan itacen lubban ne na ƙasar Larabawa da Somaliya, akwai kuma dashi, ɗan'uwan itacen mur. Watau ƙasar ba ta rasa abin turare nata na kanta ba.

Duk da haka, turaren da ya fi daraja a gidajen sarauta da na attajirai na waje ne. Kwarin gulbin Rima hanya ce ta fatake tun zamanin Muhammadu Kanta, wanda ya fitar da Kabi daga ƙarƙashin Songhai wajen shekarar 1516, ya zauna a Surame. Bayan da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kebbi a 1805, sarautar Kabawa ta koma Argungu daga baya, Gwandu kuma ta zama cibiyar yammacin daular Sakkwato. Yaƙi tsakanin Kabawa da Gwandu ya sa Ambursa ta zama mazaunin Sarkin Gwandu a ƙarshen ƙarni na 19, kafin a mayar da fada Birnin Kebbi a 1906. Cikin duk wannan juyi fatauci bai tsaya ba. Kayan da Larabawan Gadamas da Tarabulus suka ƙetaro da su Sahara zuwa Kano, fatake ne suke rarraba su yamma, kasuwar Jega kuwa ita ce babbar mahaɗa. Daga cikin kayan nan akwai man wardi, da lubban, da jawul.

Jawul ya isa a tsaya a kansa, domin sunansa kaɗai tarihi ne. Asalinsa daga Larabci ne, lubban jawi, watau lubban na Jawa, sunan da Larabawa suke kiran tsibiran da a yau suke cikin ƙasar Indonesiya. Ibn Baɗɗuɗa ya ambace shi a cikin labarin tafiyarsa ta ƙarni na 14. Ana samunsa ta hanyar tsaga bawon wani itace a tsibirin Sumatara da ƙasar Lawos, a bar ƙaron ya daskare sannan a kankare. Turawa ma daga wannan kalma ta Larabci suka samo sunan da suke kiransa da shi. Mai tsaga itacen yana Sumatara, amma duniya ta san kayan da sunan da ɗan kasuwa ya laƙaba musu.

Haka ya faru ga wani ƙaro na nahiyar Amurka da Turawa suke kira balsam na Peru. Itacensa a gaɓar tekun El Salbado yake, amma da yake a zamanin mulkin Sifaniyawa ta tashar Kallawo ta ƙasar Peru ake bi da shi zuwa Turai, sai sunan Peru ya bi shi har yau.

Maje ma bai tsira daga wannan ba. Turawa sun kira ƙaronsa balsam na Ilorin, sun kuma kwatanta shi da kofaiba na ƙasar Barazil. Sunansa na kimiyya, Daniellia oliveri, na Turawan Ingila biyu ne, William Daniell, likitan soja, da Daniel Oliver, masanin tsirrai na lambun Kew. Hano kuwa an sa masa Boswellia dalzielii, don tunawa da J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai na Hausa a 1916, da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Aikin Dalziel abin yabo ne, amma ilmin da ke ciki daga bakin manoma da maharba da masu magani ya ji shi, su kuwa ba a san sunayensu ba.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 al'amari ya sake. Masana a Turai sun gano yadda za su haɗa sinadaran ƙamshi a ɗakin gwaji, kumarin a 1868, banilin a 1874, sai turaren kwalba ya yi araha ya cika kasuwanni. Jawul da balsam na Peru sun riƙe matsayinsu, domin an riga an kafa musu kasuwa da ma'auni da hanyar tacewa. Ƙaron maje bai sami wannan gata ba, ya tsaya a kasuwar ƙauye. Itacen da ba a ganin kuɗi a ƙaronsa kuwa, a gungumensa ake ganinsu, sai ya zama katako da gawayi da itacen wuta. Farin 1973 da na 1984, da faɗaɗar gonaki, sun ƙara rage daji a arewa.

Tun 1991 Kabi take da jiharta, da ma'aikatar kula da gandun daji, daga baya kuma ta sami jami'o'i a Aliero da Birnin Kebbi. Ƙidaya majen da ya saura, da auna ingancin ƙaronsa, da rubuta abin da tsofaffin masu ɗibarsa suka sani tare da sunayensu, aiki ne da ya rataya a wuyan ɗalibai da ma'aikatan wannan ƙasa, tun itacen da masu ilminsa suna raye.