Gansakuka

Gansakuka ƙananan halittu ne koraye masu rayuwa a ruwa, waɗanda ba su da saiwa ko ganye. Suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsirrai. Wasu na fitowa kamar zare, wasu kamar majina a jikin bango, wasu kuma su mayar da ruwa kore shar.

A yankin Maradi ana ganin gansakuka a kududdufan da Gulbin Maradi ke bari da rani daga Jiratawa zuwa Tibiri, da magudanan noman rani na Jiratawa, da tankunan siminti na kiwon tarwaɗa, da akwatunan gilashi na kifin ado.

Abin da ke haɓaka ta shi ne haske mai yawa, da zafi, da sinadaran nitirojin da fosforas daga taki, kashin kifi da ragowar abinci. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, takan yi yawa cikin sauri. Kaɗan daga cikinta abinci ne ga karfasa. Idan ta cunkushe, takan shanye iskar ruwa da dare, kifi ya wayi gari yana haki a sama.

Ana shawo kanta da rage abincin kifi, da sauya wani kaso na ruwan a kowane mako, da yin rumfa, da kwashe ta da hannu. A akwatin gilashi mai tsirrai, ana taƙaita fitila zuwa awa 6 zuwa 8 a rana, a ƙara tsirrai masu saurin girma irin kainuwa don su riga ta shan sinadaran. Maganin da ke ɗauke da jan ƙarfe yana kashe ta, amma yana iya cutar da kifi da tsirrai.