Ɗan Maraya Ɗaya, Kunnuwa Uku

In kana son tayar da gardama a majalisar Tudun Wada bayan la'asar, ka ambaci Ɗan Maraya Jos. Kowa nasa ne, amma ba Ɗan Maraya ɗaya muke nufi ba.

An haifi Adamu Wayya a Bukur a 1946, lokacin da haƙar kuza ke jawo Hausawa daga Kano, Katsina, Sakkwato da Zazzau zuwa wannan tsauni. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukur ne. Iyayen suka rasu yana ƙarami, sarkin ya riƙe shi, sunan Ɗan Maraya ya bi shi. Abin kiɗansa kuntigi ne: gwangwanin kifi, fatar akuya da tsirkiya ɗaya tal.

Dattawanmu sun san shi tun yana matashi, ta Rediyon Kaduna da faifan garmaho. Su suka ji shi lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, yana ƙarfafa gwiwar sojojin tarayya. Abin da ya fi kama su shi ne, a zamanin da makaɗa ke bin sarakuna da attajirai, shi ya ɗauki kuntigi ya yi "Waƙar Karen Mota". Lebura da direba da ɗan dako suka ji an san da zamansu. Shi ya sa dattijo ba ya sauraron sa don nishaɗi kawai, tarihin wahalarsa yake ji.

Masu bi musu, 'yan zamanin kaset, malami suka ɗauke shi. A ɗakunan iyayenmu mata "Jawabin Aure", "Auren Dole" da "Gulma Wuya" suka zauna daram. Shi kaɗai yakan yi muryar miji, ya yi ta mata, ya yi ta magulmaciya, kamar wasan kwaikwayo. Uwar da ke jin nauyin yi wa ɗiyarta faɗa sai ta kunna kaset ya faɗa mata.

Yaranmu kuwa sun taso da waƙoƙin fina-finan Hausa da kiɗan fiyano, a garin da ya raini P-Square da M.I da Ice Prince. A waya suke haɗuwa da Ɗan Maraya, guntun minti ɗaya, sai su wuce. Wasu su ce kiɗan babu armashi. Dattawa su ce yaran yanzu ba su da kunne.

Kafin mu ɗora musu laifi, mu tambayi kanmu: me muka ajiye musu? Rikicin 2001, da na 2008, da na 2010 sun tarwatsa gidaje da unguwanni a Jos, kaya da yawa sun salwanta, har da kaset-kaset. Waɗanda suka tsira suna cikin akwatuna, sanyi da ƙura na cin su. Shi kansa ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015. Allah ya jiƙansa.

Yaron da bai taɓa jin waƙa daga farko har ƙarshe ba, ba zai san daɗinta ba. Mai kaset ya fito da shi, yaran da suka iya kwamfuta su juye mana, dattawa su zauna su yi bayanin wa aka yi wa kowace waƙa da dalilinta. Masu bayanin nan raguwa suke yi kowace shekara.