Ba Ihu Ke Kai Saƙo Nesa Ba

Duk sabon shiga a sana'armu ta harba intanet daga turke zuwa turke, rediyo mai ƙarfi yake fara nema, sai ka ce ihu ne ke kai saƙo nesa. Tarihin sana'ar bai ba shi gaskiya ba. Wi-Fi ɗin da ya bazu daga 1999, mai gudun megabit 11, don ɗaki da ofis aka ƙera shi: na'ura ta tura saƙo, ta ɗan dakata ta ji amsa, in shiru ta sake turawa. To a tazarar kilomita 30, zuwa da dawowar sigina kaɗai na cin kashi 200 cikin miliyan na daƙiƙa. Kafin amsar ta iso rediyon ya riga ya fid da rai, ya maimaita, layin ya cushe da maimaici. Ko wutar duniya ka ƙara masa, ba za ta koya masa haƙuri ba.

Wani injiniya mai suna Ermanno Pietrosemoli ne ya fito da maganin fili a Benezuwela. A 2007 ya haɗa layin kilomita 382 daga dutsen El Águila, da faranti da rediyon kasuwa, sai manhajar da masu bincike na jami'ar Berkeley suka gyara ta yadda kowane ɓangare ke da lokacinsa na magana. Motorola ta riga ta bi wannan hanya da Canopy, amma da tsada. MikroTik ta ƙasar Latbiya ta zo da Nstreme, Ubiquiti kuma ta fitar da airMAX a 2009 a farashin da mai ƙaramin jari zai iya taɓawa, kasuwa ta buɗe.

Wani zai ce ai faɗin zango ne ya kawo gudu, ga airFiber ɗin Ubiquiti na 2012 a kan gigahaz 24 da ya haura gigabit guda. Haka ne, sai dai kowane hawa da kuɗinsa. Ruwan sama na cinye gigahaz 24, iskar da muke shaƙa ma na shanye gigahaz 60, siginar kuma siririya ce, turke ya ɗan yi rawa a guguwar farkon damina sai layi ya yanke. Shi ya sa har gobe doguwar tazara a hannun gigahaz 5 take, da faranti babba da saiti na tsanaki. Shi ma sai ka lura da darbejiyar da ke tsakiyar hanya, don ko kana hango ɗaya turken ta samanta, rassanta na iya shiga filin da siginar ke buƙata, kuma baɗi ta fi haka tsawo.