Majigi a Zauren Kotu: Shaida ne ko Lauya?

A ranar 29 ga Nuwamba 1945, masu gabatar da ƙara a kotun Nuremberg suka rage fitilu, suka haska fim ɗin sansanonin da 'yan Nazi suka hallaka mutane. Tun daga nan ake kallon hoto mai motsi a matsayin shaidan da ba ya ƙarya. Sai dai faifai ba ya kai kansa kotu. Wanda ke riƙe da maɓallin na'ura shi ke zaɓar abin da ido zai gani, da saurin da zai gan shi.

Shari'ar 'yan sandan Los Angeles huɗu da suka lakaɗa wa Rodney King duka a 1991 ta isa misali. Duniya ta kalli faifan bidiyon dukan, ta ga mutum kwance ana jibgarsa da kulake. A kotun Simi Valley kuwa, a 1992, lauyoyin 'yan sandan suka rage gudun faifan, suka riƙa tsayar da shi hoto bayan hoto. Duk ɗaga ƙafar da King ya yi sai ta zama yunƙurin kai hari, kowane kulki kuma ya zama martani. Masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka wanke su daga kusan dukkan tuhumar, tarzomar da ta biyo baya ta ci rayuka sama da 50. Ba a taɓa ko daƙiƙa ɗaya ta faifan ba, amma an sauya labarinsa.

Dabarar tana iya juyawa kan wanda ake tuhuma. Binciken Eugene Caruso da abokan aikinsa na 2016 ya nuna cewa rage gudun bidiyo yana sa mai kallo ya fi yarda cewa da gangan aka aikata laifi, domin yana jin kamar mai laifin ya samu lokacin tunani.

Kotuna sukan tsawatar idan abin ya fito fili: a 2012 Kotun Ƙolin jihar Washington ta soke hukuncin Edward Glasmann saboda mai gabatar da ƙara ya haska hotonsa da jan rubutu mai ayyana shi mai laifi. Wannan ai ɗanyen aiki ne, kowa ya gane shi. Rage gudu da zuƙo hoto su ne ke wucewa salin alin.

A Najeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya damu ne da lafiyar kwamfutar da ta fitar da hujja, bai tanka kan yadda za a haska ta ba. Alƙali ne kaɗai ke yanke hukunci a nan, to amma shi ma ido gare shi. Ya kamata ƙa'idar kotu ta wajabta nuna faifai da ainihin saurinsa tukuna, a kuma miƙa wa ɗaya ɓangaren duk abin da za a haska kafin zama.